Jabun jakunkuna da shagunan bogi na intanet: a binciki hanyar da jaka ta biyo kafin a duba ɗinkinta

Kamfanin Louis Vuitton ba ya rangwame. Ba ya yi lokacin Kirsimeti, ba ya yi a ƙarshen shekara, ba ya ba 'yan kasuwa sari, kuma ba shi da wani shago na daban da yake juye kayan da suka yi kwantai a sayar da araha. Chanel kuwa ko a nasa shafin na intanet ba ya sayar da jaka. Turare da kayan kwalliya da tabarau ana iya sayensu daga ɗaki, amma jaka sai an taka an je shago. Ita kuma jakar Birkin ta gidan Hermès, ko mutum ya shiga shagonsu na Paris da kuɗinsa a hannu, ba lallai ne a fito masa da ita ba. Wanda ya riƙe waɗannan ya riga ya tsallake tarkuna masu yawa da ake ɗanawa a Facebook da Instagram, domin duk tallar da ta ce ga sabuwar Louis Vuitton an zabtare kashi 70 cikin 100 na kuɗinta, ƙaryarta ta fito fili tun kafin a ga hoton jakar.

Yawancin shawarar da ake ba masu saye daga jikin jaka take farawa: a ƙirga ɗinki, a shinshina fata, a ja zif. Duk suna da amfani, zan kuma zo kansu. Sai dai masu yin jabu sun yi nisa wajen kwaikwayon jikin jaka, har ta kai ƙwararru ma sai sun sa madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci. Abin da har yau ya gagare su shi ne hanyar da jakar gaske take bi daga masana'anta zuwa hannun mai ita. A ganina daga nan bincike ya kamata ya tashi: wa ke sayarwa, ina ya samo, nawa ya sa, kuma ta yaya yake son a biya shi.

Cutar ma iri biyu ce, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Akwai mai jabun jaka, wanda zai karɓi kuɗi ya miƙo wani abu, ko da ba abin da ya faɗa ba ne. Akwai kuma shagon bogi, wanda ba shi da jaka ko guda, ta gaske ko ta jabu, hotuna kawai gare shi da wurin rubuta lambar katin banki. Na farko kuɗin jaka ɗaya yake ci. Na biyu yana iya kwashe abin da ke cikin asusu kaf.

Ban sa matar da ta shiga kasuwa ta sayi saitin jaka da takalmi na lefe a cikin wannan lissafi ba, ko da tambarin Gucci na jikinsu, matuƙar kuɗin da ta biya bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ita da mai shago duk sun san kwafi ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan ciniki yana da nasa aibin ta fuskar doka da haƙƙin masu tambari, amma ba a rufe mata ido ba. Wadda abin nata yake min zafi ita ce wadda ta yi wata da watanni tana adashi, ko angon da ya so ya faranta wa amarya rai da abu ɗaya mai daraja a cikin akwati, aka ce musu orijinal ce, an dai samo ta da sauƙi.

Harkar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe tare da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin mallakar fasaha sun ƙiyasta cewa a 2019 cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe ya kai dala biliyan 464, wato kashi 2.5 cikin 100 na cinikin duniya baki ɗaya, kuma kayan fata suna sahun gaba a cikin abin da jami'an kwastan ke kamawa, tare da takalma da tufafi. Mafi yawa daga ƙasar Sin suke tasowa, wasu su biyo ta Hong Kong, Turkiyya ma tana da nata kason. A watan Nuwamban 2023 hukumomin Amurka suka sanar da kama jabun jakunkuna da takalma da tufafi kusan 219,000 a ɗakunan ajiya a birnin New York, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala biliyan ɗaya. Kuma yanzu ba sai a kwantena ba. Da yawa a ƙananan ƙunshi suke tafiya ta gidan waya, jaka ɗaya ga mutum ɗaya, abin da ya fi ƙarfin a tsaya buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Rigimar ta tsufa. Zanen nan mai haruffan LV da furanni da kowa ya sani, Georges Vuitton ne ya fito da shi a 1896, kuma cikin dalilansa har da neman ya sha gaban masu kwaikwayon akwatunan mahaifinsa. Yau shi ne ɗaya daga cikin zanen da aka fi kwaikwaya a duniya. Abin da ya sauya shi ne ƙwarewa. A da jabu daga nesa ake gane shi, haruffa a karkace, ruwan zinare yana ɓarewa. Irin wannan yana nan har gobe a kan tebura a titin Canal na New York, da lungunan babbar kasuwar Istanbul, da unguwar Karama ta Dubai. Amma sama da shi akwai wani aji da ake ɗinkawa musamman a kewayen Guangzhou, inda masu masana'anta ke sayen jakar gaske, su farke ta gaba ɗaya, su auna kowane yanki, su nemo fata mai kyau da ƙarfe mai nauyi. Irin wannan ita kanta ana sayar da ita ɗaruruwan daloli, ga wanda ya san abin da yake saya. Masifar tana farawa ne idan ta faɗa hannun dillali na biyu ko na uku, wanda zai ninka kuɗin ya rantse ta gaske ce. A 2020 ma wata kotu a Paris ta hukunta wasu tsofaffin ma'aikatan Hermès da suka riƙa ɗinka jabun Birkin ta fatar kada a ɓoye, suna sayar da kowace sama da Yuro 20,000. Hannun da ya ɗinka ta gaske shi ya ɗinka ta jabu. Wanda ya dogara da ƙirga ɗinki kaɗai, me zai gani a nan?

Abu na farko da mai sayarwa yake turowa don kwantar wa mutum da hankali shi ne kayan rakiya: kwali, jakar ƙyalle ta adanawa, rasit, da wani kati mai ƙyalli da ke cewa kayan na asali ne. Waɗannan su ne mafi sauƙin bugawa a duk harkar. Wanda ya iya ɗinka jaka ba rasit ne zai gagare shi ba, kuma kwali da rasit har sayar da su ake yi daban a intanet. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne Louis Vuitton ba ya ba da katin shaida, Hermès ma ba ya bayarwa. Idan aka haɗo jakarsu da irin wannan kati, to katin ne ya tona wa mai sayarwa asiri. Chanel kam ya daɗe yana ba da baƙin kati mai lamba tun daga shekarun 1980, lambar kuma ta yi daidai da ta wata 'yar sitika da ke manne a cikin jakar. A 2021 ya daina, ya koma saka ƙaramin farantin ƙarfe mai ɗauke da guntun na'ura a ciki. Saboda haka wanda ya ce ga sabuwar jakar Chanel da aka sayo bana, ga kuma baƙin katinta, ya haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa.

Haka zancen yake game da lambar da ake nema a cikin jakar Louis Vuitton. Mutane suna ɗauka lambar shaida ce ta jaka ɗaya tilo, alhali wuri da lokacin ɗinki kawai take nunawa, kuma jakunkuna da yawa suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya. Daga 2007 tsarin shi ne haruffa biyu na masana'anta, sai alƙaluma huɗu: na farko da na uku su ba da mako, na biyu da na huɗu su ba da shekara. Idan aka ga CA2154, ma'anarsa an ɗinka ta a Sifaniya a mako na 25 na 2014. Amfaninta shi ne kama ƙarya: idan lambar ta ce Sifaniya, hatimin da ke jikin fata kuma ya ce Faransa, ko alƙaluman suka ba da mako na 60, an gama magana. Amma lamba mai kyau ba ta wanke jaka, don masu jabu sun san tsarin sarai. Daga watan Maris na 2021 kamfanin ya bar buga lambar, shi ma ya koma guntun na'ura da ake ɓoyewa a cikin shafin jaka. Waya tana iya jin cewa akwai wani abu a wurin, amma bayanan na'urar kamfanin ce ke karanta su, kuma masu jabu sun fara cusa nasu guntun don waya ta yi ƙara mai saye ya ji daɗi.

To, idan jakar tana hannu, me ake dubawa? A nan Bahaushe yana da abin da ya fi wasu. Mu mutanen jima ne da dukanci, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya san ƙamshin fatar da aka jeme da kyau, ya san kuma ba ya kama da warin gam da roba da ke bugun hanci idan aka buɗe jabu mai araha. Sai dai a san abin da ake shinshinawa. Jikin jakar Louis Vuitton mai zanen LV ba fata ba ne, yadin auduga ne da aka shafe da wani sinadari mai hana ruwa shiga. Fatar tana hannuwa ne da gefe-gefe, kirgin saniya ne da ba a yi masa fenti ba, yana da haske idan sabo ne, sannan a hankali rana da gumin hannu su mayar da shi kalar zuma. Jakar da aka ce ta shekara biyar ana riƙe ta amma hannunta fari fat, ko kuma yana sheƙi kamar leda, akwai tambaya a kanta. A hatimin sunan kuma, harafin O zagayayye ne sosai, ƙafar L gajeriya ce, T biyun nan kuma suna dab da taɓa juna.

Ɗinkin Hermès da hannu ake yinsa, da allura biyu da zaren da aka shafa wa kaki, kowace allura tana ratsa rami ɗaya daga nata ɓangaren. Shi ya sa ɗinkin yake ɗan kishingiɗa, kuma idan aka ƙura ido za a ga bai zama daidai wa daida kamar na keke ba. A Birkin, ɗinkin da ya miƙe sak babu ko ɗan bambanci shi ne abin zargi. Ƙarfen jakar gaske yana da nauyi da sanyi a hannu, rubutun da aka zana a jikinsa yana da zurfi da tsabta, zif yana tafiya ba gargada. A leƙa ciki ma, don masu jabu sun fi kashe ƙarfinsu a inda ido ke fara sauka, su yi sakaci da shafi da ƙasan aljihu.

Akwai kuma maganganun da ake yaɗawa waɗanda ke sa a ƙi ta gaske a rungumi jabu. An ce duk Louis Vuitton a Faransa ake yinta, alhali yana da masana'antu a Sifaniya da Italiya da Amurka, har da wadda aka buɗe a jihar Texas a 2019. An ce idan haruffan LV suka juya kai ƙasa jabu ce, alhali a jaka irin Speedy yadi ɗaya ake naɗowa daga gaba zuwa baya, don haka dole ɓangare ɗaya ya kasance a juye. An ce duk abin da aka rubuta an yi shi a Sin ko Vietnam jabu ne, alhali Coach da Michael Kors a ƙasashen Asiya suke ɗinka mafi yawan kayansu na gaske.

Duk wannan idan akwai jakar ke nan. A shagon bogi babu abin da za a shinshina.

A watan Mayun 2024 jaridun Guardian ta Birtaniya, da Die Zeit ta Jamus, da Le Monde ta Faransa suka fitar da wani bincike da ya samo asali daga wani kamfanin tsaron intanet na Jamus mai suna SRLabs. An gano gungu guda, da ake juya shi daga lardin Fujian na ƙasar Sin, wanda ya kafa shagunan bogi kusan 76,000 a intanet, da sunayen manyan kamfanoni irin su Dior da Prada da Versace, cikin harsuna daban-daban. Mutane sama da 800,000, galibinsu a Turai da Amurka, sun miƙa musu bayanansu, da yawa har da lambar kati da alƙaluma ukun nan na baya. Waɗannan mutane ne da suka saba sayayya ta intanet tun da daɗewa, don haka kada wanda abin ya faɗa wa ya ɗauka ƙauyanci ne ya ja masa.

Yadda suke aiki shi ya fi ba ni tsoro. Suna sayen tsofaffin adireshin shafukan da masu su suka bari suka mutu, saboda Google ya riga ya san waɗannan adireshi yana kuma fito da su a sama. Sai a ɗora shago a kai cikin ɗan lokaci, da hotunan da aka kwaso daga shafin kamfanin gaske. Shi ya sa wani lokaci za a ga shagon jakunkuna amma adireshinsa yana kama da sunan gidan abinci ko makaranta. Idan aka rufe ɗaya, wasu na nan a jere. Wasu masu sayen ba a ma cire musu kuɗi nan take ba, an dai ce musu biyan bai shiga ba, su kuwa bayanan katin sun riga sun tafi. Wasu an cire, ba a aiko komai ba. Wasu kuma aka aiko musu da tabarau mai araha ko zoben jabu maimakon abin da suka biya. Wannan na ƙarshen dabara ce: da zarar akwai lambar bin sawun kaya da ke nuna an kai wani ƙunshi gidan mutum, sai gardamarsa da banki ta yi wuya.

Alamomin shagon bogi a fili suke ga wanda bai yi gaggawa ba, shi ya sa suke sa agogo a saman shafi yana ƙirga mintunan da suka rage garaɓasa ta ƙare. Kowace jaka akwai ta, kowace kala, har wadda ta ƙare a shagunan kamfanin tun bara, kuma farashinsu duk kusan ɗaya. Adireshin shafin sunan kamfani ne da aka liƙa wa wata kalma kamar outlet ko sale ko sunan wata ƙasa, ko aka sauya harafi ɗaya. Wurin tuntuɓa babu lambar waya, babu adireshin ofis, sai imel na Gmail ko wani fom. Ɗan kwadon nan da ke bayyana kusa da adireshi, wanda aka koya mana cewa alamar aminci ce, ba ya nuna komai game da gaskiyar mai shago. Abin da yake cewa kawai shi ne babu mai leƙen saƙo a hanya, kuma kyauta ake samunsa. Abu mafi sauƙi da mutum zai yi shi ne ya sa adireshin a ɗaya daga cikin shafukan whois, masu nuna bayanan rajistar adireshin intanet, ya ga ranar da aka yi masa rajista. Kamfani irin Louis Vuitton da aka kafa a 1854 ba zai yi ciniki a shafin da aka buɗe wata biyu da suka wuce ba. Tunda kuma suna sayen tsofaffin adireshi, tsufan adireshi shi kaɗai bai isa hujja ba.

Abin da ke ba ƙaryar ƙarfi shi ne shagunan rangwame na gaske suna nan. Gucci da Prada da Burberry suna da su a wurare irin Bicester Village kusa da Oxford a Ingila, da The Mall kusa da Florence a Italiya, da Woodbury Common a jihar New York. Coach yana da shafin rangwame na gaske a intanet. Wanda ya taɓa jin 'yar'uwarsa ta sayo Gucci da sauƙi a Ingila, idan ya ga talla makamanciyar haka ba zai yi mamaki ba. Bambancin shi ne manyan gidajen Turai sun fi yin irin wannan rangwame a shagon da ake shiga da ƙafa, a kan kayan da yayinsu ya wuce. Su kuma irin Coach da Michael Kors, da yawa daga abin da ke shagunan rangwamensu dama don can aka ɗinka shi, na gaske ne amma ba shi ne wanda ke babban shago ba. Hanyar tantancewa ɗaya ce: kada a bi talla a shiga shago. A rubuta adireshin kamfanin da hannu, a duba jerin shagunansa a can. Abin da ba ya cikin jerin ba nasu ba ne.

Sai labarin da ya fi kowanne shiga rai, wai masana'anta ɗaya ce ke ɗinka duka, wannan rarar da ta saura ce aka fitar ta bayan gida. A watan Afrilun 2025, lokacin da rikicin haraji tsakanin Amurka da Sin ya yi zafi, bidiyoyi suka cika TikTok na mutanen da ke tsaye cikin masana'antu suna cewa su ne ke yi wa manyan kamfanonin Turai jaka, a zo a saya kai tsaye. Jama'a suka yi ta rububi, har DHgate, manhajar sayen kaya daga Sin, ta hau sahun gaba a Amurka. Dalilin da ya sa aka yarda ba ɓoyayye ba ne. A 2024 wata kotu a Milan ta sa ido a kan wani reshen Dior bayan bincike ya nuna ana biyan ɗan kwangila Yuro 53 don haɗa jakar da ake sayarwa Yuro 2,600, a wuraren da ake ƙwarar ma'aikata. Jakar Chanel matsakaiciya da aka fi sani, wadda take dala 5,800 a 2019, ta haura dala 10,000 cikin 'yan shekaru. Ni ma ina ganin kamfanonin nan sun ja wa kansu wannan fushi, kuma ba na jin an wajabta wa kowa ya kare ribarsu. Amma haushin Dior ba ya mayar da jakar TikTok ta zama Dior. Hermès a Faransa yake ɗinka jakunkunansa na fata. Ɗan kwangilar da ke aiki da babban kamfani da gaske kuwa ba zai fito a bidiyo yana tallar kayan bayan gida ba, don ranar ce kwangilarsa za ta mutu.

A wajenmu cinikin ya fi bi ta hannun mutane: mai shafi a Instagram, mai saka kaya a status na WhatsApp, ko wadda ke zuwa Dubai da Istanbul tana sayo wa mutane. Da yawansu masu amana ne, wasu ma su kansu an yaudare su ne a can, sun sayo da zuciya ɗaya. Louis Vuitton ba shi da shago a Kano ko Kaduna, don haka duk sabuwar jakarsa da ta iso nan, wani ne ya shiga shagonsu a wata ƙasa ya biya cikakken kuɗi, ya ɗora kuɗin jirgi da ribarsa. Lissafin ba ya ba da damar ta zo ƙasa da farashin kamfani. A buɗe shafinsu a ga farashin, a juya shi zuwa naira, a kwatanta. Mai sayo wa mutane da gaske ba za ta ji haushi ba idan aka ce ta kira ta bidiyo daga cikin shagon, ko ta turo hoton jakar da ke hannunta ta ciki da waje maimakon hoton talla. Wadda ta fara cewa ai ba a yarda da ita ba, ko wasu na jira a yi sauri, a bar mata kayanta. Ba a cinikin biri a sama.

Gwanjo ne kaɗai ƙofar da jakar gaske ke fitowa da sauƙi, kuma nan ne aka fi cusa jabu mai kyau. Manyan dillalan gwanjo irin Vestiaire Collective da Fashionphile da The RealReal suna da masu tantancewa, eBay ma ya fara tantance jakunkuna masu tsada a 2021. Akwai kuma kamfanin Entrupy, wanda na'urarsa ke ɗaukar hoton fata da ɗinki ta madubin ƙara girma ta kwatanta da tarin hotunan da ke rumbunsa. Ko su ba ma'asumai ba ne: a watan Fabrairun 2024 masu taya alƙali hukunci a New York suka ba Chanel dala miliyan 4 a ƙarar da ya kai wani sanannen dillalin gwanjo, cikin zarge-zargen har da sayar da jabu. Duk da haka, sayen da ke da sharaɗin mayar da kaya a rubuce ya fi rantsuwar kowa. Kada kuma a sa rai cewa za a kai jaka shagon kamfanin su tantance, galibi ba sa yi.

Hanyar biya ita ce kariya ta ƙarshe. Kuɗin da aka tura kai tsaye zuwa asusun wani mutum, ko ta kuɗin kirifto, dawo da shi yana da matuƙar wuya. Wanda aka biya da kati yana da ƙofar ƙorafi ta banki, yawanci cikin kwana 120 a tsarin Visa da Mastercard, PayPal kuma yana iya ba da har kwana 180. Ya fi kyau a ware kati na daban don sayayyar intanet, a riƙa zuba masa iya abin da za a kashe. Mai tafiya Turai kuma ya sani cewa a Faransa riƙe jabu laifi ne ko da don amfanin kai ne, jami'an kwastan suna iya ƙwacewa su ci tara, kuma a doka hukuncin yana iya kaiwa Yuro 300,000 da ɗaurin shekara uku. Italiya ma tana cin mai saye tara.

Idan an riga an faɗa, kunya ce ke sa mutane yin shiru har lokaci ya ƙure. A kira banki a rufe katin a ranar, ko da ba a ga an cire komai ba. A ɗauki hoton shafin da hirar da shaidar biya kafin su ɓace, don irin waɗannan shafuka ba sa daɗewa. A shigar da ƙorafi a banki a rubuce, a Najeriya kuma ana iya kai kuka hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, ko EFCC idan damfara ce tsagwaronta. A sauya kalmar sirri idan an yi amfani da irinta a wani wuri. Sannan a shirya wa zagaye na biyu, domin suna da sunan mutum da lambar wayarsa da adireshinsa, kuma irin waɗannan bayanai sayar da su ake yi. Bayan kwanaki saƙo yana iya shigowa cewa kaya sun maƙale a kwastan sai an biya wani ɗan kuɗi, ko wani ya kira da murya mai ladabi ya ce daga banki yake, zai taimaka a dawo da kuɗin, a karanto masa lambar da aka turo ta waya yanzu. Banki ba ya tambayar wannan lamba, a kashe wayar a kira lambar da ke bayan kati.